Mayafi ke Zaɓar wa Jaka Kala

Mace ba ta cika shigowa wurina neman jaka hannu rabbana ba. Ko dai ta kwance bakin gyale ta fiddo ɗan ƙyallen atamfa da ya rage a wurin tela, ko ta miƙo mini waya da hoton leshin da aka turo mata daga Kano, ta ce, "Anti, wadda za ta hau da wannan nake so." Sana'ata ke nan a cikin garin Daura: ni ke zana jakar, ni ke sayo fata, in yanka, in ɗinka tare da yaran da ke koyo a hannuna, in kuma sayar da kaina. Babu kamfani a bayana, babu mai ɗaukar mini asara. Shi ya sa a duk shawarar da nake yankewa a wannan aiki babu mai nauyin ta kala.

Idan fasalin jaka bai yi wa mutane ba, ana iya rage maɗauri, a canza zif, a ƙara aljihu. Fatar da aka rina kuwa ta rinu. Iyakar abin da za ki iya shi ne ki mayar da ita baƙa. Fatar akuya guda ba ta cika wuce ƙafa huɗu zuwa shida a awon masu fata ba, jaka matsakaiciya da maɗaurinta takan ci fiye da guda, dillali kuma ba ya son ɓalle miki dozin. Wadda ta sayi dozin biyu na ruwan hoda yayi ya wuce ta, to jarinta na nan rataye a ƙusa yana shan ƙura.

Manyan gidajen ado na Faris da Milan sun raba shekara gida biyu, kayan lokacin ɗumi da na lokacin sanyi, kuma sukan tsayar da kalolinsu tun da sauran shekara guda ko fiye kafin kaya su shiga kanti. Akwai wani kamfani a Amurka mai suna Pantone, aikinsa shi ne bai wa kowace kala lamba, don mai rini a Sin da mai zane a Italiya su fahimci juna ba tare da gardama ba. Tun 2000 yake shelar kalar shekara. Ta 2023 wani ja ne mai ratsin shunayya, ta 2024 ruwan goro ce mai haske da ta kusa komawa ruwan hoda, ta 2025 kuma, wadda suka raɗa wa Mocha Mousse, ruwan ƙasa ce mai taushi. Da na ga wannan ta ƙarshe sai da na yi dariya, don kusan ita ce kalar da fata ke yi idan ta sha bagaruwa, aka shafe ta da mai, ta kwana biyu a hannu. Majemanmu sun daɗe suna fitar da ita ba wanda ya yi musu shela.

Ban ce a toshe kunne ba. Abin da aka yanke a can yana iso mu, sai dai a makare kuma ta bayan gida: masaƙun Sin su buga shi a kan atamfa da mayafi, a sauke kwantena, ya bayyana a Kantin Kwari, sannan ya biyo hanyar Kazaure ya shigo Daura a cikin akwatin lefe. Amma su jadawalinsu a kan kaɗewar ganye da zubar ƙanƙara aka gina shi. Mu nan kalanda biyu muke bi, kuma ba tare suke tafiya ba.

Ta farko ta wata ce. Cinikin jaka a garin nan yana tashi a goman ƙarshe na azumi, ya ɗan lafa, ya sake ɗagawa gab da Babbar Sallah, sai kuma Sallar Gani a watan Maulidi, wadda mu Daurawa ba mu ɗauke ta da wasa ba. Ga kuma cunkoson bukukuwa a Rajab da Sha'aban, lokacin da kowane gida ke son a kai amarya kafin a ga watan azumi. Duk waɗannan suna ja da baya da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara. A 2013 an yi Ƙaramar Sallah ranar 8 ga Agusta, ana tsakiyar marka. A 2023 ta faɗo 21 ga Afrilu, cikin zafin da ke narka gam. A 2025 ranar 30 ga Maris aka yi ta, zuwa 2030 kuma za ta shigo farkon Fabrairu, cikin hazo. Don haka abin da muke ce wa kalar Sallah ba a tsaye yake ba. Jakar da ta haska a Sallar damina, ƙasa a jiƙe, gari kore shar, ba ita za ta haska a Sallar da iska ke tafe da ƙura ba.

Kalanda ta biyu ta sararin sama ce, ita ce kuma masu koyo suka fi mantawa. Kowa ya ɗauka farar jaka ce ke saurin datti. A hunturu ba haka ba ne. Ƙurar hazo fari-fari ce, mai laushi kamar garin tuwo, kuma a kan baƙar jaka take tona asiri: ki goge ta da safe, kafin ki isa gidan biki ta koma ruwan toka, kowane ɗinki ya cika da farin layi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwan ƙasa da ruwan zuma da ruwan makuba su ne ke rufa wa mai su asiri. Akwai kuma bushewa. Fata na son mai a wannan lokaci, in ba haka ba ta tsage a wurin lanƙwasa, mai kuwa yana duhunta kala mai haske. Wadda ta sayi ruwan madara a Disamba, ko dai ta ƙi shafa mai jakar ta tsage, ko ta shafa ta koma wata kala daban.

Bazara tata fitinar gumi ce da rana. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, jaka na maƙale a hammata ko a kafaɗa, rinin da bai zauna ba sai ya zuba a kan mayafi. Babu abin da ke kashe wa mai jaka kasuwa kamar a ga jan tabo a farin gyalen wata Hajiya a tsakiyar taro, a kuma tambaye ta wurin wa ta saya. Ni kowace fata ta shigo, kafin almakashi ya taɓa ta, sai na jiƙa farin ƙyalle na murza a kanta da ƙarfi, na kuma yanki ɗan tsiri na ajiye a kan katanga ya sha rana, rabinsa a rufe da kwali. Bayan 'yan kwanaki in ɗaga kwalin in gwada ɓangarorin biyu. Ruwan hoda da shunayya na galura su suka fi ba ni kunya a wannan gwaji. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, ɗigon ruwa ke barin tabo a fata mai haske, jakar da aka kulle a akwati ta yi fumfuna. Sai kaka: an yi girbi, gero ya shiga rumbu, kuɗi ya shiga hannu, bukukuwa sun kankama, nan ne ido ke neman ja jawur da ruwan gwal.

Duk da haka, da za a ce in faɗi abu ɗaya da ke yanke hukunci, zan ce mayafi ne. Duba yadda macen Arewa ke haɗa kwalliyarta. Atamfa na da kala huɗu ko biyar. Ba babbar kalar da ta mamaye zanen ake bi ba. Wata 'yar ƙarama ake tsamowa, ɗigon ruwan goro a cikin fure ko siririn layin algashi a gefen ganye, a nemo mayafi irinta. Da an samu mayafin, jaka da takalmi dole su bi shi. Atamfa ta haifi mayafi, mayafi ya haifi jaka, mu masu jaka mu ne a ƙarshen layi. Shi ya sa idan na je Kwari kafin azumi ba na daɗewa a gaban masu Holan da sufa. Layin masu mayafai nake zuwa in zauna, in ga wace kala ce aka jibge, wacce ce kuma ta kusa ƙarewa a kan kanta. Wadda ta kusa ƙarewa ita nake rubutawa. Abin da aka jibge zato ne na ɗan kasuwa; abin da ya ƙare kuwa mata ne suka zaɓa da kuɗinsu.

Abaya ta ɗan sauƙaƙa mana. Tun da 'yan mata suka koma fita Sallah da baƙar abaya mai duwatsu, an samu kwalliyar da kowace jaka ke hawa da ita, kuma a nan ne suke iya ɗaukar kalar da iyayensu ba za su riƙe ba. Anko kuma shi ne ciniki mafi daɗi kuma mafi haɗari. Ƙawayen amarya su ce jaka iri ɗaya suke so, kala ɗaya. Rini kuwa ba ya maimaita kansa. Tukunyar yau da ta gobe ba sa fitowa daidai, ko da hannu ɗaya ne ya haɗa. Wani dillali a Kano ya taɓa aiko mini da cikon ruwan hanta yana rantsuwa cewa ita ce ta farko sak, da aka jera su a tsakar gida sai ga rabi sun fi rabi duhu. Aikin anko, a sayi fatarsa gaba ɗaya rana ɗaya daga tuli ɗaya, har da rarar guda biyu.

Abin da ya fi yi mini amfani a kan kala dai ba a Kwari na samo shi ba, ba kuma a waya ba. A zauren wani dattijon baduku ne a cikin gari, wanda ya gaji dukanci iyaye da kakanni, aikinsa kuma kayan doki ne da kube da gafaka da layu. Nakan kai masa aikin hannu idan ina son ado irin na da. Wata rana na tarar yana baƙanta gefen wata jar fata. Gefensa wani tsohon gwangwani ne cike da ruwa mai tsami da kashin maƙera a ciki, wato kuloko. Ruwan ba baƙi ba ne, ruwan datti ne kawai a ido. Ya tsoma ɗan tsumma ya ja layi a kan fatar, layin ya fito fayau kamar ruwa ya zuba, kafin in gama gaishe shi ya fara yin toka-toka, kafin ya ja na biyu na farkon ya koma baƙi ƙirin. Na ce, "Baba, wannan ai kamar siddabaru." Ya ce, "Ba siddabaru ba ne, 'yata, ƙarfe ne ya gamu da bagaruwa." Gaskiya ya faɗa: sinadarin da ke cikin bagaruwa, wanda ke jeme fata, shi ne ke baƙanta idan ya haɗu da ƙarfe. Don haka kuloko ba ya kama fatar kamfani da aka jeme da sinadarin kurom, kuma idan aka cika shi fatar takan yi ƙarfi ta riƙa karyewa.

Kalolin dukawa ba su da yawa. Ja daga karan dafi yake, wata irin dawa da ake shukawa don ɓawon jikin karanta ba don tsabarta ba; a daka, a jiƙa da ruwan toka ko kanwa, a shafe fata. Rawaya daga gangamau, kuma ita ce mai rauni a cikinsu: rana na kashe ta, sabulu ko kanwa kuma na juya ta zuwa ja. Sai korino, koren nan mai ratsin shuɗi da ake samu daga garin tagulla, mai tsada da wahalar haɗi. Jar fatar karan dafin nan ba ƙaramar haja ba ce a tarihi. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana kai jajayen fatun ƙasar nan har Tarabulus. Fatar jar akuyar Sakkwato da 'yar'uwarta ta Maraɗi ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko suna yi wa littattafansu bango da ita, don ta Arewacin Afirka take isa hannunsu.

Ki tsaya gefen hanya ranar Hawan Magajiya ko hawan Gani, lokacin da Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar ya fito da hakimansa, ki bar kallon rawuna ki dubi kayan dawakin. Ki kuma dubi tsohuwar zabira ko tumtum idan akwai a gidanku. Tsarin ɗaya ne: jiki ja ne, gefe baƙi, rawaya da korino kuwa tsiri-tsiri ne aka yanka aka lafta, ko aka saƙa cikin tsaga. Kalar da ke jure rana da gumi ita aka bai wa fili, mai tsada da mai saurin kashewa aka ba ta ɗan lungu. Wasu na ganin gargajiya ce kawai. Ni lissafin ɗan kasuwa nake gani a ciki, na mutanen da suka san fata da ƙurar wannan ƙasa fiye da mu.

A kan wannan na gina aikina. Jikin jaka ba ya fita daga kala huɗu: ruwan ƙasa, baƙi, jan karan dafi da ruwan hanta. Waɗannan nake saya da yawa, don ko ba su tafi da Ƙaramar Sallah ba za su tafi da Babba, ko su jira kaka. Kalar yayi kuwa, bana ce algashi ko ruwan omo ko ruwan goro, 'yan fatu kaɗan nake saya in sa ta a murfi, a bakin aljihu, a tuntun zif, ko a maɗaurin da ake cirewa. Maɗaurin nan mai ƙugiya ya fi komai yi mini rana. Mace ta sayi jaka ɗaya ruwan ƙasa da maɗaurai uku, ta fita biki uku da mayafi uku, ba wadda za ta ce ta maimaita. Jaka sukutum da kalar yayi sai wadda ta ba da rabin kuɗi tukuna.

Akwai wani dalilin da ya sa na fi riƙe kaloli masu duhu, wanda mai saye ba ta gani. Kala mai haske ba ta ɓoye aibi. Duk inda ƙaya ta karci akuya tana raye, duk inda wuƙar mai fiɗa ta zame, zai fito ɓaro-ɓaro a ruwan madara ko ruwan hoda. Fatar da ba ta da tabo ita ce ta ɗaya, mafi yawanta kuma manyan majemun Kano na Challawa da Sharaɗa waje suke fitar da ita, Italiya da Sifen. Abin da ya rage mana sai an tona, sai an biya. Bayan layya fata takan yi yawa, amma da yawanta an fiɗe ta cikin gaggawa, an kuma bar ta a rana ba gishiri. Irin wannan ba ta da makoma sai rini mai duhu. Idan na ce wa mace ruwan madara ta fi ruwan hanta tsada alhali girmansu ɗaya, ba son kuɗi ba ne. Ga kuma zif da ƙugiya da zare da galura, duk daga waje suke. Da aka saki Naira a Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, kayan ƙarfen jaka suka bi ta. Tun lokacin na tsaya a kan ƙarfe ruwan gwal kawai, don shi ke hawa da kalolina huɗu, shi ne kuma ke tafiya da sarƙa da 'yan kunnen da matanmu suka fi sawa.

Daura gari ne na bakin iyaka, wannan ma yana shiga lissafi. Masarautar ta ƙunshi Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, kasuwar Mai'aduwa ta ranar Lahadi kuma rabin hayaniyarta ta mutanen Nijar ce da ke shigowa ta Kongolam. Masu saye daga wajen Matamaye da Damagaram, a abin da na gani, sun fi mu son ado mai yawa da korino da tuntaye, irin na Buzaye. Da aka rufe iyaka a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, har zuwa Maris na 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, irin wannan aiki tsayawa ya yi cak, ruwan ƙasa da baƙi ne suka riƙe shagon.

Waya kuwa ta kawo ciniki, ta kuma kawo rigima. Hoton da na ɗora a WhatsApp ruwan hanta ne a wayata, a wayar mai saye ya zama ja, a ta ƙawarta ruwan ƙasa. Ina ɗaukar hoto da hantsi, a inuwa, jakar a kan farin ƙyalle, ba na kuma taɓa shi da kowane irin gyara. Duk da haka ba na yanka fata a kan hoto. 'Yan mata kan ce, "Anti, ke dai kin cika tsauri." To, ba a fafe gora ranar tafiya, ba a kuma gane kala a ƙarƙashin fitilar caji.

Don haka, Hajiya, idan jakar Sallah kike so, ki zo tun Sha'aban bai raba tsakiya ba. Ki taho da mayafin kansa, ba hotonsa ba, mu fita tsakar gida da rana mu ɗora shi a kan fatar mu gani tare. Ki kuma gaya mini ko da mota za ki riƙa fita da ita ko a bayan babur, don wannan ma yana canza kalar da zan ba ki shawara.